Inda Jirgi Ke Kwana

Da zarar ƙarfe 6 na yamma ta buga, ƙa'idar hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida a Nijeriya ita ce kowane jirgi ya nemi gaɓa, kada ya sake ɗagawa sai 6 na safe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jirgin da ya kife da 'yan biki a yankin Patigi ta Jihar Kwara a watan Yunin 2023, ya ci rai fiye da 100, cikin duhu ya kife. Haka shi ma wanda ya nutse kusa da Gbajibo a Ƙaramar Hukumar Mokwa daren 1 ga Oktoban 2024, maƙare da 'yan Maulidi, akasarinsu mata da yara.

To, an ce jirgi ya tsaya. A ina? Mai jirgin hayar da ke zirga-zirga tsakanin kwata biyu ba shi da damuwa, gida zai koma. Amma akwai ɗimbin mutanen da magariba kan riske su nesa da kowace kwata: masuncin da ya bi kifi kwana da kwanaki, mai dakon albasa daga gungayen Yawuri, mai itace, mai kai kifin banda kasuwar Warra ko ta Malale. Su duk inda rana ta faɗi nan ne masauki. Su kafa tamfol ko 'yar bukkar ciyawa a tudu, su hura wuta, su kwanta, su bar wa ruwa dukiyarsu kacokan a bakin igiya guda. Jirgi da inji da kalli su ne jarin gidan baki ɗaya, sau da yawa ma bashi ne ba a gama biya ba. Ana yawan wa'azi kan yadda za a yi tuƙi. Yadda jirgi zai kwana kuwa, da wuya ka ji wani ya tayar da zancen, alhali a nan ake tafka asarar da ba ta shiga jarida: mutum ya farka da asuba ya tarar da guntuwar igiya tana reto a jikin turke.

Ruwan da ba ya kwana wuri ɗaya

Tafkin Kainji wuri ne mai kyau na fahimtar wannan lamari, domin duk wata fitinar ruwa akwai ta a cikinsa. An fara gina madatsar a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da mafi yawan tsibirin Foge, aka tayar da mutum kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Tafkin da ya samu ya kai tsawon kusan kilomita 136, faɗinsa a tsakiya ya tasam ma kilomita 24. Ba duk itatuwan da ke filin aka sare ba kafin ruwan ya taru, shi ya sa har gobe kututtura na nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, suna jiran cikin jirgi ko farfelar inji.

Sau biyu ruwa ke shigo wa tafkin a shekara. Na farko shi ne na daminarmu, wanda Gulbin Sakkwato da sauran ƙoramu ke turowa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, fari fat saboda laka. Na biyu shi ne wanda ya faɗi a tsaunukan Gini, ya yi wata da watanni yana ratso fadamun ƙasar Mali, ya iso nan cikin sanyin hunturu a tace, ya yi duhu-duhu. Daga nan kuma sai janyewa, injinan wutar lantarki suna sha, rana tana sha, har tafkin ya sauka da kimanin mita 10 kafin sabon ruwa ya dawo.

Mu ɗan yi lissafi. In an raba mita 10 a kan wata biyar ko shida, za a samu kusan santimita 6 a kowace rana. Abin kamar wasa. Amma a gaɓar da ke kwance, wadda sai ka yi tafiyar mita 100 kafin zurfi ya ƙaru da mita guda, santimita 6 na nufin bakin ruwa ya ja baya da mita 6. Jirgin da aka tura hancinsa kan yashi da yamma, da safe sai a same shi zaune daram a kan taɓo. In ko an yi rashin sa'a akwai kututture ko dutse a ƙarƙashinsa, nauyin kaya zai danne katako a kai har ya tsage. Lokacin cika kuwa abin ya fi sauri, kuma ya fi haɗari: jirgin da aka jawo rabinsa tudu aka ce ai ba inda za shi, ruwa zai zo ya ɗaga shi a hankali, iska ta ƙarasa aikin.

Masu kwana a ƙasa da madatsa nasu lissafin da sa'o'i ake yi, ba da kwanaki ba. Tsakanin madatsar Kainji da ta Jebba, da kuma gangare da Jebba, ruwa kan hau ko ya sauka gwargwadon injinan da aka kunna da ƙofofin da aka buɗe. Masuntan Binuwai kuma sun san me ake nufi da a ce an saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru. Ambaliyar 2012 da ta 2022 ba su ɓace wa kowa ba.

Wanda ya saba ɗaure jaki a turke zai zaci aikin ɗaya ne. Sai dai ƙasar da jaki ya taka ba ta hawa ba ta sauka. In ka tsuke wa jirgi igiya a ƙasa, ruwa ya hau, igiyar ce za ta danne hancinsa har ya sha ruwa. In ka tsuke ta a reshe na sama, ruwa ya janye, jirgin zai rataya ya karkata, kaya su zube. Saboda haka tsofaffin Sarkawa ke yin wata 'yar dabara da ba ta cin ko sisi: da isowa sai a kafa tsinke daidai bakin ruwa. Kafin a gama girki a yi sallar isha'i, tsinken ya faɗi gaskiya, ko ruwa ya haye shi ko ya bar shi a busasshiyar ƙasa.

Daga gabas hadari ke tasowa

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne zaɓen makwanci da iskar yamma. A damina iskar da aka saba da ita daga kudu maso yamma take busowa. Mai neman inda ruwa ya kwanta luf da la'asar, gaɓar yamma za ta ja shi, tunda tudu ya tare masa iska. Amma kowane manomi ya san daga gabas hadari ke haɗowa, musamman a farkon damina da ƙarshenta, kuma guguwa ce ke riga ruwan sama isowa. Cikin 'yan mintoci wurin da yake mafaka sai ya koma inda raƙuman ruwa ke zuwa su fashe. A tsakiyar Kainji, iskar da ta taso daga wajen Warra tana da filin kilomita ashirin da wani abu da za ta tara ƙarfi kafin ta isa gaɓar Shagunu. Jirgin katakon da irin wannan taguwa ta yi ta bugawa da ƙasa na sa'a guda, da wuya ƙusoshinsa su kai safe.

Da hunturu kuma daga arewa maso gabas iskar take, ga hazo da ke hana mutum ganin ko da tsibirin da ke gabansa. Ke nan kusan duk shekara, bakin da ya buɗe wa gabas abin gudu ne. Abin nema shi ne lungu: bakin ƙaramar ƙorama, bayan tsibiri, ko wata kusurwa da tudu ya rufe ta ta ɓangare biyu ko uku. Sai dai bakin ƙorama ma da nasa sharrin. In an yi ruwa mai ƙarfi a can tudu, ko ɗigo bai sauka inda kake ba, ƙoramar da take bushe da yamma kan taso cikin dare da itace da yayi, ta yi awon gaba da duk abin da ta samu. A kogi kuma, gefen waje na kwana shi ne inda ruwa ke da gudu yana cin gaɓa. Gaɓa mai tsayi da ruwa ya rarake ƙasanta tana iya zubowa kan jirgi. Gefen ciki, inda yashi ke taruwa, ya fi kwanciyar hankali.

Duk wannan dubawa da ido ake yinta. Wanda ya bari sai duhu ya shiga kafin ya fara neman masauki, abin da ya samu shi zai karɓa.

Igiya biyu, ba ɗaya ba

Ƙaramin kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungumen maɗaci, wanda mutum biyu ko uku za su iya ja, maganarsa gajeruwa ce. A fito da shi gaba ɗaya, a wuce da shi layin yayin da ruwa ya taɓa ajiyewa, a kife shi, sannan duk da haka a ɗaure. Jirgin katako mai tsawon mita takwas ko goma da inji a baya shi ne abin magana, domin ba ya jawuwa, kuma ko ya jawu, daɗewa a tudu kan busar da katako har haɗin ya buɗe.

Yawancin mutane da hanci suke shiga gaɓa, saboda ya fi sauƙin sauka, su bar bayan jirgi yana kallon ruwa. Bayan nan kuwa shi ne wuri mafi gajarta, inda aka yanke don zaman inji, ga nauyin injin yana ƙara danne shi. Taguwa biyu uku ta haura ta nan, shi ke nan. Daidai shi ne a sauke kaya, a juya jirgi hancinsa ya fuskanci ruwa, a ɗage inji farfela ta fita daga ruwa. A jefa anka a zurfi ta gaba, a kai igiya ta biyu tudu ta baya. Ta gaba ta hana shi bugun gaɓa, ta baya ta hana shi tafiya in anka ta saki. Ya kasance yana iyo a ruwan da ko ya janye da kamu biyu ba zai taɓa ƙasa ba.

Inda ƙasa taɓo ce kuma ba zurfi, abin da masu jirgi a kogin Neja suka gada ya wadatar: a soka gwangwala ko gora cikin laka sosai, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a zura wa kowace igiya da sako-sakon zobe yadda jirgi zai iya hawa da sauka a jikinta. A dare mai shiru ba abin da ya fi wannan. A daren hadari kuwa gwangwala kaɗai ba abin dogaro ba ce, domin girgiza tana faɗaɗa raminta har ta tuge.

Ita anka, ba kowa ke da ta kanti ba. Wani dutse yake ɗaurewa, wani tsohon ƙarfen mota, wani ya zuba siminti a bokiti da rodi a tsakiya, wani ya kai wa mai walda rodi ya lanƙwasa masa ƙugiya mai yatsu huɗu. A ganina mutane sun fi damuwa da nauyinta fiye da kima, suna mantawa da tsawon igiya, alhali shi ne sirrin. Anka tana kama ƙasa ne in ana janta a kwance. In igiya ta miƙe tsaye, kowace taguwa ɗaga ta take yi tana matsar da ita. Ƙa'idar da matuƙa a ko'ina suka yarda da ita ita ce igiya ta ninka zurfin ruwa sau biyar zuwa bakwai. A ruwa mai zurfin mita 2, a saki mita 10 zuwa 14. In an samu sarƙa ko ta mita biyu ce aka sa tsakanin anka da igiya, nauyinta zai kwantar da jan, ya kuma hana dutse cin igiyar. Bayan an jefa, a ja da ƙarfi a ji ta kama. In hannu yana jin igiya tana karkarwa, to ja take a ƙasa, a sake.

A tafki mai kututtura irin Kainji ko Shiroro, matsalar ƙugiya ba rashin kamawa ba ce, ƙin saki ne. Maganinsa a ɗaure babbar igiya a gindin ƙugiyar, wajen yatsun, sannan a kwantar da ita a jikin sandar a kama ta a sama da siririn zare. In ta maƙale da safe, fizga mai ƙarfi daga sama za ta tsinke zaren, ƙugiyar ta fito ta baya.

A tudu, itace mai rai ake nema, a ɗaure can ƙasa kusa da saiwa. Busasshen itacen da ya shekara a ruwa ruɓaɓɓe ne ko da ya yi kama da ƙarfe. Ciyawar burgu da kainuwa kuwa ba abin ɗaure jirgi ba ne sam, domin wani dandalin ciyawar da ka gani kamar tudu, iyo yake yi, in iska ta juya tare za su tafi. Masuntan Tafkin Cadi sun fi kowa sanin haka, inda tsibiran ciyawa ke tashi sukutum su toshe hanyar da mutum ya shigo ta ita jiya. In babu itace, a kafa turke a karkace, kansa na kallon tudu. In yashi ne mai laushi da turke ba ya kamawa, a haƙa rami kamu biyu, a ɗaure igiya a tsakiyar guntun gungume, a binne shi a gicciye, a tattake.

Ƙulli ma abin lura ne. Zarge ba na jirgi ba ne. A zagaya itace sau biyu tukuna, zagayen ya ɗauki nauyi, sannan a yi ƙulli biyu a jikin igiyar, a bar jela mai tsawo. Irin wannan ba ya kwancewa da kansa, kuma ko jirgi na ja ana iya kwance shi cikin duhu ba sai an nemo wuƙa ba. Igiyar nailan ta fi dacewa da anka saboda tana miƙewa ta shanye fizga. Shuɗiyar igiyar roba mai arha da ta cika kasuwa kuwa rana na cinye ta. In ka murza ka ga tana gari a hannu, ta gama aiki. Kuma mafi yawan igiyoyi ba a tsakiya suke tsinkewa ba, a inda suke gogar bakin jirgi ne. Tsumma ko guntun tiyo da aka naɗa a wurin ya isa ya raba mutum da baƙin ciki.

Ruwan sama, dorina da ɗan Adam

Jirgi na iya nutsewa yana ɗaure, ba tare da ya matsa ko taku ɗaya ba. Buɗaɗɗen jirgin da faɗin bakinsa ya kai murabba'in mita 7, in aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, ya tara lita 350, kusan duro biyu. Ƙara da yoyon da ba jirgin katakon da ya rasa shi, komai kwalta da tsumman da aka cusa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya san ko jirginsa zai kai asuba ba a kwarfe ba. Saboda haka a kwarfe tas kafin a kwanta, a bar yankakkiyar jarkar kwarfa a ɗaure a ciki, a kwashe kaya masu nauyi zuwa tudu. Tamfol da aka shimfiɗa ba tare da sanda a tsakiya ta yi masa tozo ba, tara ruwa yake yi, ba kore shi ba. Da an ji iska ta sauya ko an ga walƙiya a gabas, wani ya tashi da tocila ya duba.

Kafin a kafa bukka, a dubi ƙasa. Dorina da dare take fitowa kiwo, kuma hanya ɗaya take bi kullum, har ta yi kwari a jikin gaɓa, ga manyan sawu ga kashi warwatse. Dabba ce da ke kai tan ɗaya da rabi, kuma ba ta yarda a shiga tsakaninta da ruwa. Mutanen Yawuri ba labari suke ji ba. Ko a 2024 dorina ta kashe wani mai gadin gona a can. Gangaren da ya yi sumul kamar an gyara don sauke jirgi, sau da yawa ita ta gyara shi. Inda ake da kada kuma, ba a fiɗar kifi a zubar da hanji kusa da makwanci.

Sai ɗan Adam. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 mutum ɗaya na iya saɓa shi a kafaɗa, kuma kuɗinsa ya fi na jirgin. Masu hankali kan kwance shi su kwana da shi a bukka. In babba ne irin mai doki 40, a sa masa sarƙa da kwaɗo, a cire tankin mai da tiyonsa a tafi da su. Filafili da gwangwala ma kada a bar su a ciki, don kada a sauƙaƙa wa ɓarawo tafiya. Wasu kan ja siririn zare daga jirgi zuwa bukka su rataya gwangwanaye, duk abin da ya motsa jirgi za a ji. Game da haske kuwa, ra'ayi ya rabu. Dokar ruwa ta duniya ta ce jirgin da ya yi anka kusa da hanyar jirage ya kunna farar fitila da za a gani ta ko'ina, kuma fitilar sola ta wadatar. Amma a sassan Borgu da Tafkin Cadi, inda 'yan bindiga ke yawo, fitila kiran masifa ce. Abin da ya fi a irin wuraren nan shi ne kada mutum ya kwana shi kaɗai. Ya nemi tungar masunta, ya yi sallama, ya gaida Sarkin Ruwa ko mai tungar, a nuna masa inda ake ɗaurewa. Mazauna wuri sun san kowane kututture da kowace hanyar dorina, kuma baƙon da ya gabatar da kansa ya shiga amanarsu.

In kuma duk da haka aka farka aka ga jirgi yana tafiya, kada wanda ya faɗa ruwa cikin dare ya bi shi. Iska ta fi mai iyo sauri, kuma tazara a ruwa tana yaudarar ido. A tashi maƙwabta a bi shi da wani jirgin, da rigar kariya a jiki, ko a haƙura gari ya waye. Galibi a gaɓar da iska ta nufa ake tsintarsa.

Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa don yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, ta raba rigunan kariya, ta kuma sa an sare kututtura a wasu hanyoyin jirage. Aiki ne mai kyau, amma na rana ne. Tunda hukuma ce ta ce jirage su tsaya da magariba, HYPPADEC da NIWA da ƙananan hukumomin Borgu, Ngaski, Yawuri da Agwara su zauna da sarakunan ruwa a fitar da wuraren kwana sanannu a kan manyan hanyoyi, a kafa musu turakun ƙarfe da siminti a matakai daban-daban na gaɓa yadda za su yi amfani ko ruwa ya cika ko ya janye. Masu kula da madatsu kuma su riƙa sanar da sakin ruwa a rediyo da Hausa da Nufanci tun kafin la'asar, lokacin da mai jirgi ke da sauran damar sauya wuri.